Ƙofar da Ta Ƙi Rufuwa

Salamu alaikum mutanen wayata. Na ga saƙonninku duka, har na masu zagina cikin ladabi: "Hidaya kin ɓata," "Hidaya ko an ɗaura ne ba gayyata?" Ina! Ba abin da aka ɗaura. Ɗan abin da aka fara ƙullawa ma saura ƙiris ya warware, kuma in na faɗa muku abin da ya nemi raba ni da Kamilu sai kun yi dariya har kun ƙware. Ba wata yarinya ba ce, ba dangi ba ne. Ƙofar gareji ce. Ku gyara zama.

Don sababbin zuwa: ni ce autar Alhaji Mahmudu mai shadda, na babbar kasuwar Garwa, nan Kamaru. Kamilu kuma shi ne wanda... to, kun dai gane. Mai aikin lantarki ne, yana da shagonsa a Yelwa inda yake haɗa sola da kyamarori da ƙofofin zamani. Dogo ne, baƙi, maganarsa sanyi kamar ruwan randa, ga kunya har ta yi masa yawa. An riga an tsayar da magana cewa ranar Asabar kawunansa za su taso daga Mayo-Oulo su zo neman aurena wurin Baba. Har leshi na ɗinka saboda ranar, ruwan toka mai duwatsu, ko da yake ba wanda zai gan ni, a ɗaki zan maƙale ina leƙe ta labule.

Yadda ƙofar ta shigo rayuwarmu kuwa, Baba ne ya je Duwala sarin kaya, ya ga wata a gidan abokinsa, wadda ake danna telekomand, wato rimot, tun daga cikin mota ta ɗaga kanta sama. Ya dawo ba shi da zance sai nata. Kamilu ya ji a bakina, ya zo ya durƙusa ya ce zai iya. Ya kuwa iya. Ranar da aka gama, Baba ya tara maƙwabta kamar ranar suna, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe, har Mama ta aiko a ce masa tuwo ya huce. Daga ranar Kamilu ya tashi daga "yaron nan mai wayoyi" ya koma "ɗana Kamilu." Ni kuwa har ƙiba na yi.

A ƙasan ƙofar, dama da hagu, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa guda biyu, kowanne kamar kwalin ashana. Kamilu yana ce musu selil, mu a gida muka raɗa musu ido. Na dama yana da 'yar fitila rawaya, shi ke aika wani haske da mutum ba ya gani. Na hagu yana da kore, shi ke karɓa. In ƙofa tana sauka wani abu ya gitta tsakaninsu, yaro ne ko akuya ko ƙafar mutum, sai ta tsaya ta koma sama.

"In koren nan ya tsaya cak, lafiya lau," in ji shi ranar da yake nuna mini. "In yana ƙiftawa, to ba sa ganin juna, ƙofa kuwa ba za ta yarda ta rufu ba."

Na ce to, na ji. Gaskiya ba ji nake ba, gashin idonsa nake kallo.

Yanzu ga wani abu game da gidanmu. Ginin zamani ne, wanda ya zana shi bai san zaure ba, don haka gareji ne wurin zancenmu. Talata da Juma'a bayan la'asar, lokacin Baba yana kasuwa da motarsa, sai in ɗaga ƙofa, in shimfiɗa darduma, in jera fararen kujeru biyu, in kawo folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara da cincin. Sai dai garejin warin fetur yake, saboda jarkokin zuwa-zuwa, man 'yan bumburutu, da Baba ke ajiyewa a ƙuryar ciki don janareta. Dokarsa kuwa guda ce a gidan nan, tun muna yara muke haddace da ita: ko ashana ba a ƙyastawa a gareji.

Mama ta ce ita ba za a yi abin kunya da ita ba. "Surukina ya zauna cikin warin fetur kamar ɗan acaɓa? Kay, ɓingel am, 'yata, ba a gidana ba."

Ku da kuka san Hajiya Hindu kun san turaren wutarta. Da hannunta take haɗa shi, hawi da gabgab da sandal, ta soya da sukari da wasu mayuka da ko ni ba ta faɗa wa sunansu. Matan unguwar Marouare har layi suke yi a kansa in biki ya matso. Sai ta riƙa zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa, ta ba ni in ajiye a lungun hagu na bakin ƙofa, don nan ne ya fi nisa da jarkoki, iska kuma tana koro hayaƙin ciki. Da Kamilu ya tafi, kafin Baba ya dawo da magariba, sai ta fito da sauri ta janye kaskon, ta share tokar da tsintsiya fyaɗ-fyaɗ, ta yayyafa ruwa. Baba bai taɓa ganewa ba, don gidan gaba ɗaya ƙamshin nan yake, har hularsa.

To. Wata Talata da magariba Baba ya dawo, ya shigar da mota, ya danna. Ƙofa ta fara sauka, ta tsaya, kamar mai tunani, ta koma sama abinta, fitilar injin tana ta ƙifce-ƙifce. Ya sake dannawa. Ta sake yi masa haka.

Gidan da ke kallon namu na Misye Parfait ne, tsohon malamin lise, wato sakandare, da ya yi ritaya. Kullum yana kan kujerarsa ƙarƙashin dalbejiya da rediyo a cinya, shi da Baba kuwa abokan tsokana ne tun kafin a haife ni.

"Alhaji!" ya ƙwala daga can. "Ƙofa naka ya shiga grève? Ka biya shi albashi mana!"

Wai yajin aiki ƙofar take yi. 'Yan moto, masu acaɓa, da ke fakewa a inuwar suka kwashe da dariya.

Aka kira Kamilu a waya, ya ce kafin ya iso da safe a danne maɓallin bango kar a saki, za ta rufu a hakan. Jama'a, ku hango mini Baba da babbar riga ta gezna, mutumin da ya tara unguwa ya nuna musu zamani, yana tsaye ya dafe bango da ɗan yatsa kamar mai awon jini, ƙofa tana jan jiki. Na shige bayan labule na toshe bakina da mayafi.

Da safe Kamilu ya zo da jakar kayan aikinsa. Ya tsuguna wajen idon hagu, ya goge shi da hankici, ya ɗan tsaya yana kallon hankicin, ya cusa a aljihu. Ya taɓa nan ya murɗa can, kore ya tsaya cak. Ƙofa ta rufu sumul.

"Me ya same ta?" in ji Baba.

"Idon ne ya ɗan kauce, Baba. Ya yi datti kuma."

Aka kwana biyu lafiya. Ranar Juma'a da magariba, ta sake.

Haka muka shiga. Ya gyara, ta yi lafiya, ta sake tayarwa. Ya bi wayar wutar tun daga injin har ƙasa ko ɓera ya ci, bai ci ba. Ya canza ƙarfen da ke riƙe da idon. Ya yanko guntun bututun roba ya sa wa idon hagu kamar hula, ya ce wa Baba wataƙila ranar yamma ce ke dukansa tana kashe masa gani. Misye Parfait kuwa ya samu sinima kyauta, har kujera yake gyarawa in ya hango motar Baba.

A tsakiyar wannan rikici ne Kamilu ya ɓullo da wasu sababbin halaye. Duk ranar zance, in zai tafi, sai igiyar takalminsa ta kwance daidai lungun ƙofa, ya duƙa ya daɗe yana ɗauri. Na ce masa in igiya ta gagare shi in sayo masa silifa. Wata rana kuma yana juya kofin folere a hannu ya ce, "Hidaya, da an daina wahala da turaren nan. Ni warin fetur bai dame ni ba."

Na ajiye farantin cincin. "Ban gane ba. Turaren gidanmu ne bai yi maka ba?"

"A'a, ba haka..."

"Turaren da matan gwamnoni ke aikowa a saya? Ko akwai wata mai wanda ya fi shi ne a Yelwa?"

"Subhanallahi. To ko a matsar da kaskon can ciki?"

"Kusa da jarkoki? So kake mu tashi sama ni da kai, a tsinto mu a Binuwai?"

Ni kuwa na yi kwana biyu ina amsa masa saƙo da "ok" kawai. Da na ba Mama labari ta ce kunya ce irin ta yaran kirki, kuma yaron yana cikin damuwa saboda faɗan Alhaji, don haka daga ranar ta ninka turaren don hankalinsa ya kwanta.

Ranar Larabar makon da za a zo tambaya, abin ya fashe. Daren Talata ƙofa ta sake kunyata Baba, a gaban baƙinsa kuma, wasu abokan cinikinsa daga Kaele. Da safe ya sa aka kira Kamilu. Ina laɓe bayan ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida, ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba.

"Wannan idon shi ne fitinar, ko?" in ji Baba.

"Shi ne yake hana ta rufuwa, Baba."

"To cire shi. Na tambaya, an ce ana iya haɗe su a yaudari injin. Ni ƙofa na saya, ban sayi mai gadi ba."

Kamilu yana durƙushe, kansa a ƙasa. Na ce a raina, ka ce to, don Allah ka ce to.

"Baba, ka gafarce ni. Wannan kam ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ba zan yi ba, Baba. Ƙofar nan ƙarfe ce, ta fi ni nauyi. Jikokinka suna wasa a nan in sun zo hutu, yaran unguwa suna biyo ƙwallo har ciki. In na cire idon, duk abin da ta samu a ƙasa sai ta danne shi."

Ban taɓa jin wani ya ce wa Baba "ba zan yi ba" a cikin gidansa ba. Ko yayyena maza ba su taɓa ba. Baba ya miƙe, ya wanke shi tas, da ƙarfi har Misye Parfait ya rage muryar rediyo. Ya ce aikinsa na ha'inci ne, ya ce ya koyi rabin sana'a ya fito yana cutar mutane. Ya rufe da cewa, "Mutumin da ya kasa rufe mini ƙofa ɗaya, shi zan ɗauki 'ya in ba? Ka ji ni da kyau. In na dawo ranar Juma'a ƙofar nan ta yi mini gardama, ka ce wa kawunanka su huta a Mayo-Oulo, kar su ɓata man motarsu."

Kamilu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya goge idon, ya daidaita, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ni kuma na koma ɗaki na ci kuka na ƙoshi, sannan na ɗauki waya.

Ni: Me zai rage ka in ka cire? Na duba a bidiyo, salatif kawai ake sawa a manna su fuska da fuska.

Shi: Na san yadda ake yi.

Ni: To ka yi mana! Zuwa Asabar kawai. In an sa rana sai ka mayar.

Shi: In wani abu ya faru kafin Asabar fa?

Ni: Ba abin da zai faru.

Shi: Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Ki yi haƙuri, Hidayata. Juma'a ina da aiki a Ngong, amma zan yi ƙoƙari in iso kafin Baba.

Ni: To ka auri ƙofar.

Na kashe data. Kar ku ce komai, na sani. Na san shi ke da gaskiya tun a lokacin, shi ya sa ma haushin ya fi ci na.

Juma'a ta zo da zafin nan na Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. Bayan azahar na kunna data, saƙonsa ya shigo: motar da ya shiga ta lalace a hanya, ba lallai ya iso kafin magariba ba. Na leƙa gareji, kore yana ƙiftawa. Yau ko zance ba a yi ba, ga shi ta fara. Ashe da hantsi, bayan fitar Baba, Mama ta yi baƙi 'yan biki, falo ya cika, ta zaunar da sauran a gareji, ta kai musu kasko.

Ban gaya wa Mama ba ya zuwa ba, don ba na son tambayoyi. Tana can madafi a ƙuryar gida tana fama da dambun naman baƙin gobe. Na ɗaura zani a kan doguwar rigata ta atamfa, na ɗauko salatif da sukurudireba daga durowar Baba, na ce yau ni Hidaya zan ceci aurena da hannuna. Na shige gareji, na kunna fitila, na tsuguna gaban idon hagu.

Na zare hular robar nan. Gilashin idon ya yi dishi-dishi kamar tabaran tsohuwa. Na ce bari in goge don salatif ya kama, na sa farin hankicina.

Abin da ya fito ba ƙura ba ce. Wani abu ne ruwan ƙasa, mai danƙo, da toka manne a jiki. Na kai hanci.

Hawi. Sandal. Sukarin da ya ƙone.

Na ɗaga kai na kalli bangon, ga baƙin hayaƙi ya yi zane tun daga ƙasa, daidai inda nake ajiye kasko da hannuna. Na kalli ƙarfen idon, ya karkace gefe, ga tsinken tsintsiya guda maƙale a bayansa. Hayaƙin Mama mai maiƙo ya lulluɓe gilashin, tsintsiyarta ta zo ta buge shi ta watsa masa toka. Mu ne. Ni da uwata ne muke makantar da ƙofar Baba sau biyu a mako, muna zaune muna tsine wa mai gyara.

Sai igiyar takalmin nan ta faɗo mini a rai. Oh ni Hidaya! Na zauna daɓas a ƙasa na kira shi ta bidiyo. Ya ɗauka yana tsaye a bakin titi, bayansa gonar auduga, gumi ya jiƙa masa riga. Na nuna masa hankicin kawai.

Ya sosa ƙeya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun gogewar farko."

"Hular robar fa? Ka ce rana ce!"

"Ranar ma tana da nata laifin, ban yi ƙarya ba. Amma don hayaƙin na sa. Nakan goge in zan tafi, sai dai abin da ke faruwa bayan na tafi ne ya fi ƙarfina."

"Kamilu, Baba ya zage ka a gaban unguwa! Me ya hana ka faɗa?"

"In ce masa me? In ce Hajiya tana kunna wuta kusa da fetur ɗinsa? Saboda ni take yi fa, Hidaya. Karramci ne. Ban shiga gidan ba tukuna, sai in fara da kai ƙarar surukata?"

"To ni fa? Ni ba sai ka faɗa mini ƙarara ba?"

"Na gwada ta gefe, kika ce akwai wata a Yelwa. Kuma na san ki. Da kin sani, ranar Laraba da kin faɗo daga bayan ƙofar nan kin tona komai."

Ashe ma ya san ina laɓe. Hawaye suka zubo mini, ina dariya ina jan hanci, kwalli duk ya dame. Wallahi a wannan minti na ji son bawan Allahn nan har cikin ƙashina.

"Menene wancan a gefenki?" in ji shi. "Salatif nake gani?"

Na tura shi bayan wata tsohuwar taya da ƙafa. "Ba komai. Faɗa mini yadda ake gyarawa."

Ya sa na goge gilashin duka biyun da busasshen gefen hankici har suka yi ƙyalli. Ya ce in nemo zare, na kwaso zaren kitson Mama, na ɗaura daga idon dama na ja shi ya miƙe zuwa na hagu, don in ga inda ya kamata ya kalla.

"Kin ga notin nan mai kunnuwa biyu? Sassauta shi da yatsa, kar ki cire. Yanzu juya idon ya bi zaren. A hankali, Hidaya, ba tuƙin tuwo ba ne."

"Yana ƙiftawa har yanzu."

"Ɗaga shi sama kaɗan. Kaɗan na ce."

"Ya tsaya! A'a, ya koma rawa."

"Kin wuce. Dawo."

Na dawo da shi kamar mai zare ƙaya. Kore ya tsaya cak. Ya ce in riƙe da hannu ɗaya in ɗaure notin da ɗayan, kar in yi numfashi mai ƙarfi. Na ɗaure, na mayar da hular roba, na kwance zare. Ina shirin in ce masa ya ba ni aiki a shagonsa, sai ƙofa ta yi gurnani ta fara ɗagawa da kanta.

Motar Baba. Ko la'asar ba ta gama sanyi ba. Ashe ya rufe shago da wuri ne don ya ga ƙofar da sauran rana, in ta ƙi, ya kira Mayo-Oulo kafin mutane su yi shirin hanya. Na cusa waya a ƙugun zani na manne da bango.

Ya shigo, ya kashe mota, ya fito. Ya kalle ni, ya kalli sukurudirebarsa a ƙasa. Ya danna telekomand. Ƙofa ta sauko, ta sauko, ta sauko, ta taɓa ƙasa tim.

"Hmm," in ji Baba. "Ashe ya ji magana. Ya turo ki kin cire masa."

"Ba a cire ba, Baba."

Ya sake buɗewa. Ya danna ta fara sauka, sai ya tattare babbar riga ya miƙa ƙafarsa tsakanin idanun. Ƙofa ta tsaya, ta koma sama. Daga ƙarƙashin dalbejiya muka ji tafi: "Bravo, Alhaji! Grève ya ƙare!" Baba ya janye ƙafa, ya rufe ta a fuskar Misye Parfait, muka rage daga ni sai shi.

"Me ya same ta?"

"Datti ne, Baba."

"Kullum datti. Mu ga dattin."

Ya miƙo hannu. Na so in haɗiye hankicin nan. Ya karɓa, ya duba, ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta canza. Ya juya ya kalli zanen hayaƙin da ke bango, ya juya ya kalli jarkokinsa.

"Ni ce, Baba," na yi maza na ce. "Ni nake kunnawa in zai zo."

"Ke kike ɗaukowa dai. Wannan haɗin hannunki bai kai shi ba. Tun kafin a haifi yayanki nake shaƙarsa." Ya ninke hankicin. "Yaron nan ya sani?"

Na sunkuyar da kai. "Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Baba ya jingina da mota. Ya juya telekomand a hannu.

"Na kira shi maha'inci," ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba. "A gaban Parfait. Yana da amsa a aljihunsa, ya bar ni na gama." Ya share fuska da tafin hannu. "Na ce ya cire, ya ƙi. Na zage shi, ya rufa wa gidana asiri. Ki gaya masa gobe bayan la'asar ina jiran kawunansa. A falo, ba a gareji ba."

Kafin in buɗe baki, ƙuguna ya yi magana.

"Na ji, Baba. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Na manta ban kashe wayar ba! Baba ya kalli zanina, na kalli silin. Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa, saura kaɗan ya yi dariya, da an rabu lafiya.

Sai muka ji takun silifa daga cikin gida, da muryar Mama tana tahowa da fara'arta.

"Auta, ya iso ne? Na ji rugugin ƙofa tun daga madafi. Karɓi nan maza, yau na ƙara masa hawi, kafin Babanki ya..."

Ta turo ƙofar ciki da ƙafa. Kasko a hannu biyu, garwashi jajir, hayaƙi yana tashi har ya rufe mata fuska. Da ya washe, ta ga mota. Ta ga mai motar.

Baba ya kalli kaskon. Ya kalli jarkoki. Ya kalli Mama.

"Hindu," ya ce.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin ya kira sunanta ba, kullum Hajiya ne. Na lallaɓa na zare telekomand daga hannunsa, bai ma ji ba, na danna don a samu hanyar gudu.

Ta buɗu sumul, ko gardama babu.